Revelator ko I Am the Moon: da wanne za ka fara jin Tedeschi Trucks Band?

Tsakanin 2011 da 2022 ƙungiyar makaɗan nan ta Amurka, Tedeschi Trucks Band, ta fitar da kundin situdiyo har biyar. Wanda bai taɓa jin su ba, idan ya tambayi masoyansu inda zai kama, yawanci suna biyu zai ji: Revelator, na farkonsu da ya fito a watan Yunin 2011, da I Am the Moon, wanda suka saki kashi huɗu a 2022. Dukansu a ɗaki guda aka ɗauke su, wato situdiyon Swamp Raga da ke bayan gidan shugabannin ƙungiyar a Jaksonbil ta jihar Filorida. Dukansu kuma haɗin salon kiɗa huɗu ne: bulus da fank da gosfel da rok. Amma abin da kowanne yake nema daga mai sauraro ya sha bamban, kuma wanda ya fara da wanda bai dace da shi ba zai iya kashe waya ya ce ai ba wani abin a zo a gani.

Ni dai ra'ayina a fili yake tun yanzu: a fara da Revelator. Sai dai akwai mutanen da wannan shawara ba tasu ba ce, kuma za mu zo kansu.

Mata da miji ne ke jan ƙungiyar. Susan Tedeschi, haifaffiyar 1970 daga yankin Boston, ta yi karatun kiɗa a kwalejin Berklee, inda ta yi waƙa cikin ƙungiyar mawaƙan gosfel, kuma kafin aurenta ta riga ta yi suna da kundinta na 1998. Mijinta Derek Trucks, haifaffen 1979, ɗan ɗan'uwan Butch Trucks ne, mai gangar ƙungiyar rok ta Allman Brothers Band, kuma shi kansa ya kaɗa jita a wannan tsohuwar ƙungiya daga 1999 zuwa 2014. Sun yi aure a 2001, kowa na yawon wasa da tasa ƙungiyar, har sai 2010 da suka haɗe suka zama abu guda. Da mutum 11 suka fara: su biyu, masu ganga biyu, mai jitar bes, mai fiyano da ogan, masu busa uku, da 'yan amshi biyu. A zamanin da mutum ɗaya da kwamfuta yake haɗa kundi sukutum a ɗakin kwanansa, ciyar da mutum goma sha ɗaya a kan hanya ba ƙaramar kasada ba ce.

Abin da zai fara kama kunnenka shi ne jitar Derek. Ba ya danna tsirkiya da yatsu kawai yadda aka saba. Yana zura ɗan yatsa cikin wata 'yar kwalbar gilashi, yana goga ta a kan tsirkiyoyin, da hannun dama kuma yana fizga da yatsunsa ba tare da ɗan robar kaɗawa ba. Sautin sai ya riƙa zamewa daga wannan murya zuwa waccan babu yankewa. Wanda ya saba jin goge a hannun gwani, yadda yake kuka kamar mutum, zai gane abin nan take. Wannan salon tsoho ne a bulus na kudancin Amurka, amma Derek ya ƙara masa wani abu: ya zauna ya koyi kiɗan gargajiyar Indiya a makarantar Ali Akbar Khan da ke Kalifoniya, kuma lanƙwasar da ake ji a kiɗansa daga can ya ɗebo ta.

To, Revelator.

Waƙoƙi 12 ne, tsawonsu kusan awa guda. Jim Scott ne ya taya Derek tsara ɗaukar. Babban abin da ya sa nake cewa a fara da shi shi ne, a nan kowane sinadari yana fitowa da fuskarsa, kana iya nuna shi da yatsa. Idan kana son sanin mene ne fank, ka saurari "Love Has Something Else to Say", inda jitar bes ta Oteil Burbridge da gangunan biyu suke riƙe da kiɗan, sauran kayan kuma suna shiga suna fita a gajarce. Idan rok mai nauyi kake nema, "Learn How to Love" na nan, da jita mai kauri da ke maimaita zango ɗaya har ya zauna maka a ka. Gosfel kuwa yana cikin "Bound for Glory", a ogan ɗin Kofi Burbridge, yayan Oteil, da yadda Susan ke bayarwa 'yan amshi suna karɓa, ana hawa a hankali har a kai ƙololuwa. Bulus shi ne ƙasan da aka gina komai a kansa, ba sai an keɓe masa waƙa ba.

Sai kuma "Midnight in Harlem", wadda Mike Mattison, ɗaya daga cikin 'yan amshin, ya rubuta tare da Derek. Ita ce waƙar da aka fi sanin ƙungiyar da ita har yau. Ba ta da hayaniya ko kaɗan. Susan tana rerawa a natse, kamar mai ba da labari ga mutum ɗaya, sannan can wajen ƙarshe Derek ya shigo a ƙasa-ƙasa, ya riƙa ɗagawa sannu-sannu. Abin lura a nan shi ne haƙurinsa. Makaɗan jita da yawa, idan aka ba su fili, sai su zuba duk abin da suka iya a daƙiƙa ashirin na farko. Shi kuwa sai ya fara da ɗan abu kaɗan, ya bar shi ya numfasa, ya ƙara, har ka tsinci kanka a wani wuri ba ka san lokacin da aka kawo ka ba. Idan wannan waƙa ba ta yi maka komai ba, kada ka wahalar da kanka da sauran, ƙungiyar ba taka ba ce, kuma babu laifi.

Akwai wata da nake ganin mai sauraron da ya tashi da waƙoƙin finafinan Indiya zai ji ta kusa da shi: "These Walls". A cikinta Alam Khan, ɗan Ali Akbar Khan ɗin nan, ya kaɗa sarod, wani kayan kiɗan Indiya mai tsirkiya, kuma akwai tabla, gangar Indiya. Ba a yi abin don ado ba, sarod ɗin da jitar suna magana da juna ne kamar 'yan gida ɗaya. "Until You Remember" kuma tana buɗewa da masu busa su kaɗai, a hankali, irin na tsofaffin waƙoƙin soyayyar baƙaƙen Amurka na shekarun 1960, kuma a nan ne muryar Susan take buɗewa gaba ɗaya, da ɗan dishin nan nata.

Kundin ya ci kyautar Grammy ta kundin bulus mafi kyau a 2012. Kyauta ba hujja ba ce, amma dai ta nuna cewa tun fitowar farko an ɗauke su da muhimmanci.

Inda Revelator ya gaza kuwa, shi ne yawan kamun kai. Ana jin ƙungiya ce sabuwa da ke taka-tsantsan, kowa yana gudun kada ya taka ɗan'uwansa. An gayyato marubuta waƙa daga waje, irin su John Leventhal da Gary Louris da Oliver Wood, kuma hakan ya sa waƙoƙin suka fito a gyare tsaf, amma wani lokaci gyaran yana yin yawa. Tsakiyar kundin ya cika tafiyar hawainiya, waƙa mai sanyi na bin waƙa mai sanyi. Masu busa, mutum uku cur, sau da yawa a baya aka ajiye su. Kuma wanda ya zo don ya ji Derek ya saki jiki na minti goma, ba zai samu ba. An yanka masa filinsa daidai wa daida.

Tsakanin kundin nan biyu, abubuwa sun faru. Oteil ya bar ƙungiyar a 2012, wani ya maye gurbinsa. An ƙara 'yar amshi, Alecia Chakour, adadinsu ya zama 12. Sannan a ranar 15 ga Fabrairun 2019 Kofi Burbridge ya rasu, a ranar da kundinsu na huɗu, Signs, ya fito. Kofi ba mai ogan kawai ba ne, shi ne mai sarewar ƙungiyar, kuma ya daɗe tare da Derek tun kafin a kafa ta. Gabe Dixon ne ya zauna a kujerarsa. Ba a jima ba annobar korona ta zo, wasanni suka tsaya cik, ƙungiyar da rayuwarta ke kan hanya ta samu kanta a zaune.

A wannan zaman ne Mike Mattison ya kawo shawarar kowa ya karanta dogon waƙen Laila da Majnun na Nizami Ganjawi, wanda aka rubuta da Farisanci a ƙarni na 12, kowa kuma ya rubuta waƙa daga abin da ya tsinta. Labarin ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa zama gaban malamin adabin Larabci: Ƙaisu da ya haukace saboda Laila, aka hana shi ita, aka aurar da ita ga wani, ya shiga daji. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda labarin ya daɗe da shiga gidan su Derek. Daga cikinsa makaɗin jita ɗan Ingila Eric Clapton ya ɗauko sunan Layla a kundin Derek and the Dominos na 1970, kundin da Duane Allman na Allman Brothers ya kaɗa jitar kwalba a cikinsa. Daga sunan wannan ƙungiya aka raɗa wa Derek suna. Kundin kuma ya fito ne ranar 9 ga Nuwamban 1970, ranar da aka haifi Susan. Mattison sai ya juya tambayar: kowa yana ba da labarin haukan Majnun, ita Laila fa, da aka kulle a gida ana ta yi mata waƙa, me take ji?

Abin da ya fito shi ne waƙoƙi 24, sama da awa biyu, aka raba su huɗu: Crescent a farkon Yuni, Ascension a farkon Yuli, The Fall a ƙarshen Yuli, Farewell a ƙarshen Agusta. Kowane kashi ya zo da fim ɗinsa da Alix Lambert ta shirya. Derek da kansa ne ya tsara ɗaukar.

Kada ka zaci za ka ji labarin Laila da Majnun daki-daki. Ba wasan kwaikwayo ba ne. Babu waƙar da ke cewa ga Ƙaisu ya tafi daji, ga mahaifinsa ya biyo shi. Abin da aka ɗauko shi ne yanayin: rabuwa, kewa, zaman kaɗaici, son abin da hannu ba ya kaiwa. Mutanen da annoba ta raba da juna ne suka rubuta, kuma ana jin haka.

Bambanci na farko da kunne zai kama shi ne muryoyi. A Revelator Susan ce ke jan kusan komai, saura amshi suke yi. A I Am the Moon an raba aikin: Mike Mattison yana jan wasu da muryarsa mai kaushi, Gabe Dixon yana jan wasu da tasa mai laushi, wani lokaci a haɗu biyu ko uku a waƙa guda, kamar a waƙar da aka sa wa kundin sunanta, wadda Dixon ya rubuta. Idan muryar Susan ce ta jawo ka, wannan ragi ne a gare ka, domin za ka yi ta jiran ta dawo. Idan kuwa kana gajiya da murya ɗaya na tsawon awa, wannan riba ce.

Na biyu shi ne filin da aka ba makaɗa. Crescent yana rufewa da "Pasaquan", kiɗa zalla na kimanin minti 12 babu waƙa, an sa masa sunan wani wurin zane-zane da ke jihar Jojiya. A nan ne ake jin amfanin ganga biyu, al'adar da Derek ya gada daga Allman Brothers: Tyler Greenwell da Isaac Eady suna tafiya tare ba tare da ɗaya ya kwafi ɗaya ba, jita da ogan kuma suna yawo a kansu. Babu abu mai kama da wannan a Revelator. A ganina wannan minti goma sha biyun shi ne mafi ƙarfin abin da suka taɓa ɗauka a situdiyo, amma na san mutanen da za su ce ina waƙar take, su tsallake.

Na uku, sinadaran nan huɗu sun narke cikin juna. Da wuya ka ce wannan fank ce, waccan gosfel. Akwai inda suke leƙowa, kamar "Yes We Will" da ke tafiya a kan tsohuwar hanyar bulus, da "Fall In" mai ƙamshin kiɗan titunan Niyu Olins, da "D'Gary" da aka sa wa sunan wani makaɗin jita ɗan Madagaska, da "Soul Sweet Song" da aka yi don tunawa da Kofi. Amma galibi abin ya zama salon ƙungiyar kawai. Ga wanda ya riga ya san bulus da danginsa, wannan alamar girma ce. Ga sabon shiga kuwa, yana iya jin waƙoƙin sun yi kama da juna, musamman a kashi na uku da na huɗu inda tafiyar take yin sanyi. Kuma gaskiya, a cikin 24 akwai waɗanda da an cire su babu wanda zai yi kewarsu. Kundi mai faɗi haka ba ya rasa ciko.

Akwai kuma maganar aljihu da lokaci, wadda masu sharhin kiɗa ba su cika damuwa da ita ba. Sauke I Am the Moon gaba ɗaya zai ci data ninki biyu na Revelator, idan ka haɗa da finafinan kuma abin ya wuce nan. Amma rabon da aka yi masa yana taimako: kowane kashi wajen rabin awa ne, wani ya ɗan haura, kana iya ɗaukar ɗaya ka gwada. Revelator kuma yana jure sauraron tsinta-tsinta, ka ji waƙa biyu a cikin mota, ka ji ɗaya kana jiran wani. Waƙoƙinsa kowace tana tsaye da ƙafarta. I Am the Moon ba ya son haka, an jera shi ne don a bi shi daga farko zuwa ƙarshen kowane kashi, kuma idan ka sa shi a yanayin da waya ke zaɓo waƙa da ka, rabin daɗinsa ya tafi.

Duk wanda ka zaɓa, kada ka saurare shi ta lasifikar waya. Jitar bes da ogan ba sa fitowa ta nan, kuma su ne ƙashin bayan kiɗan. Abin kunne mai ɗan kyau ya isa.

Turanci fa? Wanda Turancinsa bai yi nisa ba zai fi samun sauƙi a Revelator, domin ko ba ka tsinci kalma ɗaya ba, murya da jita suna gaya maka abin da ake ciki. I Am the Moon ya fi dogara ga kalmomi da sanin labarin da ke bayansu. Sai dai a nan mai karatun da ya san Majnun tun daga zaure yana da wata riba da yawancin masu sauraro a Amurka ba su da ita: ya san nauyin labarin tun kafin a kaɗa tsirkiya.

Wani zai tsaya a kan kalmar gosfel, ya ce shin waƙoƙin coci ne? A nan salon rerawa ake nufi, wanda ya fito daga cocin baƙaƙen Amurka: bayarwa da amshi, ogan, tafi, da hawa a hankali har murya ta fashe. Kusan duk kiɗan baƙaƙen Amurka na ƙarni na 20 ya sha daga wannan rijiya. Abin da waƙoƙin suke faɗa galibi soyayya ce da wahalar rayuwa da fata, ko da yake kalmomi irin na addini suna giftawa nan da can, kamar yadda sunayen wasu waƙoƙin suka nuna. Ƙamshin ya fi ƙarfi a Revelator. Wanda abin yake damunsa, ya san da wannan kafin ya sauke.

Akwai mutum na uku da duk biyun nan ba za su gamsar ba, wato mai son kiɗa mai zafi da zai sa shi kaɗa ƙafa tun daga daƙiƙar farko. Shi ya nemi Made Up Mind na 2013. Waƙoƙi 11 ne, an ɗauke shi bayan tafiyar Oteil, da masu jitar bes daban-daban, ciki har da Pino Palladino da Bakithi Kumalo ɗan Afirka ta Kudu. Ya fi Revelator kuzari da ƙarfin rok, waƙar farko tana shigowa da gudu, "The Storm" kuma tana ba Derek filin da aka hana shi a baya. Bai kai Revelator zurfi a waƙoƙi masu sanyi ba, shi ya sa ban sa shi a gaba ba, amma a cikin mota a kan doguwar hanya shi zan ɗauka.

Su wa ya kamata su tsallake Revelator su fara da I Am the Moon? Wanda ya riga ya saba da dogon kiɗa marar waƙa, irin jaz ko kiɗan gargajiyar Indiya, kuma ba ya ƙosawa idan an yi minti biyar ba a buɗe baki ba. Wanda shi kansa makaɗi ne, yana son jin yadda mutum goma sha biyu suke ba juna hanya. Da wanda labarin Laila ne ya jawo shi tun farko. Waɗannan su sauke Crescent kaɗai, waƙoƙi 5 ne, su saurare shi a zama ɗaya daga "Hear My Dear" har zuwa ƙarshen "Pasaquan". Idan ya zauna musu, su ci gaba da Ascension, wanda ya fi sauran kuzari, sannan su bar The Fall da Farewell sai wani lokaci, kada a haɗiye huɗun a rana guda.

Sauran jama'a su ɗauki Revelator. A fara da "Midnight in Harlem", a bi da "Bound for Glory", sannan "Learn How to Love". Idan ukun nan sun shige ka, sai ka koma waƙa ta farko ka bi kundin a jere yadda aka tsara shi.